Baba da Kundin Nono

Daga Allah muke, can kuma za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar Baba ta zo wata Talata da hantsi, gero na cikin bununi, aka yi masa sutura kafin azahar. Surukina ne, mahaifin maigidana, don haka kada ku jira sunansa daga bakina. Shekara ashirin da shida ina ajiye masa tuwo ban faɗe shi ba, ba kuwa yau zan fara ba.

Ni ba marubuciya ba ce. Aji huɗu na yi a lakwal ɗin Alela, kuma tun da aka kawo ni Konni, in ba suna ko rasuwa ba, da wuya a gan ni ƙofar gida. Amma Allah Ya ba ni kunne. Abin da aka faɗa a tsakar gidan nan ina tankaɗe ko ina tsinke zogale, yana nan bai tafi ko'ina ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta tun da sauran masu tuna shi, kuma don akwai abin da ke wuyana.

Kwana ukun farko gidan bai ɗauke mu ba. Mutanen Tajaye, garin haihuwarsa, suka cika mota biyu. Na Malbaza suka zo kan babura, na ƙetaren iyaka suka biyo baya. Maza a rumfa, mata a ciki, ni ina tsakani da ƙwaryar fura. Wani tsoho da suka yi aiki tare a mairi, ofishin magajin gari, muryarsa har cikin gida, yana cewa, “Shekara talatin shina rubuta haihuwa, ban taɓa ganin ya ɗauki abin gogewa ba.” Wata mata daga Malbaza ta share ido ta ce, “Ni kam shekara biyu na yi ban gaishe shi ba. Shi ya tsaida aurena na fari, ya ce ni da yaron nono guda muka sha. Na zagi ordinatar ɗin nan har bakina ya gaji. Yau ga ni da ƴaƴa, ba mai nuna su da baki.”

Sai Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ta fi kowa yaƙar ordinatar ɗin, wato kwamfutar Baba, yana da rai, ta gyara zama ta ce, “Mutum shina mantuwa. Ƙarfen yayana ba shi mantuwa.” Ta juyo gare ni. “Ke ma kin ci arzikinsa, ƴar Alela. Auren ɗiyarki ba ƙarfen ne ya ba da hanya ba? An duba, ba a ga komi ba. Bayan kaka sai biki, ko ya rage muna zafin wanga rashi.”

Ludayin ya kuɓuce mini, fura ta zube a zanen wata baƙuwa. Aka ce kuka ne ya jawo. Ba kuka ba ne. Na san ƙarfen ya yi mantuwa, na san ranar da ya yi ta, don da yatsana aka yi ta. An duba ba a ga komai ba saboda babu sauran abin gani, a kan ɗiyata ko a kan kowa.

Bari in koma baya, don wanda bai san shi ba.

Baba dogo ne, marar ƙiba, mai tafiya kamar ana jiransa. Ba ya cin tuwo da zafi, ba ya shan ruwa a tsaye, kuma in ka ba shi labari sai ya tambaye ka, “Wa ya gani?” In ka ce kowa ya sani, sai ya ce, “Kowa ba shi da gida, ina za ni in iske shi?” Yana aiki a mairi aka kawo wata magana da ta zauna masa a zuciya har ya mutu. Miji da mata, ƴaƴa uku tsakaninsu, sai wata tsohuwa ta dawo daga zaman shekaru a gabas, ta gan su, ta kama salati. Ita ta shayar da su duka biyu. Aka raba auren. Baba ya ce ya ga mijin zaune bakin mairi da takardun haihuwar yaran a hannu, bai san me zai yi da su ba. “Gwamnati na rubuta wanda ya haife ka,” in ji shi, “ba ta rubuta wadda ta shayar da kai. Tsofaffin mata ke riƙe da wannan, su kuwa ba su gaya wa kowa ranar tahiyarsu.”

Da ya yi ritaya sai ya mai da abin aikinsa. Ya bi gida gida, Tajaye, Illela, Malbaza, ƙauyukanmu na Alela, yana zama gaban tsofaffi da ɗan littafi. Daga baya ƙanwar maigidana, wadda ke aikin buro, wato ofis, a Tawa, ta kawo masa kwamfuta, ya kwashe komai ya zuba a ciki. Haihuwa da aure baƙin zare ne ke haɗa su a fuskar kwamfutar. Nono kuwa shuɗin zare. Har ta kai a danginmu da dangin danginmu ba a raba goron aure sai an zo an ce, “Baba, a duba muna.”

Gwaggo ba ta taɓa yarda ba. Ina jin su, shi a kujera, ita a bakin ƙofa.

“Yaya, kai ba ka jin kunya? Nonon matan mutane za ka sa cikin ƙarhe?”

“To ke riƙe mini. Wa ya shayar da autan gidan liman na Tajaye?”

“Matar mahauci.”

“Bara kin ce matar maƙeri.”

“To ai ƴan uwan juna ne!”

“Shi ya sa na sayi ƙarhe,” in ji Baba. “Shi ba shi da ƴar uwa.”

Ni kuwa ina sauraro har na san abin da bai kamata mai aji huɗu ta sani ba. Baba mutum ne mai son bayani, kuma ni kaɗai ke gida da rana. In na kai masa abinci na durƙusa zan tashi, sai ya ce, “Tsaya, ƴar Alela, ki ji wani abu.” A bakinsa na ji cewa manhajar da yake rubuta dangi da ita ba ta sayarwa ba ce. Ya ce gayya ce. Mutane ne a ƙasashe daban daban, ba su taɓa ganin juna ba, kowa in ya taso daga aikinsa sai ya kama kuyya guda, kamar a gona. Cikinta a buɗe yake, kowa na iya leƙawa, kowa na iya cewa ga inda ta ɓaci. Ya ce a ƙarƙashinta akwai wani ɗan sashe da shi ma gayyarsa daban, kuma manhajoji da yawa ke aronsa. Baba na kiransa mai ɗaurin kaya. In ka gama rubutu ka ce a ajiye, shi ke tattara sunaye da zare ya ɗaure su cikin kundi. In ka dawo gobe, shi ke kwancewa.

“Kaya in an ɗaure su Konni,” in ji shi, “a kwance su Tawa, a iske su yadda anka ɗaure. Ba ƙari, ba ragi. Kuma mai ɗauri na bana dole ya iya kwance ƙullin na bara. In bai iya ba, ba gyara ya yi ba, ɓarna ya yi.”

Wannan shuɗin zaren ma da faɗa ya same shi. Da farko babu wurin nono a cikin ɗaurin. Ya rubuta musu da Faransanci, wani daga cikinsu, wanda Baba ke kira mutumin ƙasar sanyi, ya ce ai akwai wurin riƙo, ya sa a can. Ranar Baba bai ci tuwon rana ba. “Riƙo daban, nono daban! Wanda ka riƙa zai iya auren ɗiyarka. Wanda matarka ta shayar ba shi iyawa har abada. Ni zai koya wa dangi?” Wata huɗu suna ja, yana karanta mini amsoshin yana fassarawa, yana kwaikwayon muryar mutumin da bai taɓa ji ba. Ƙarshe suka buɗe masa wurin. Daga nan mutumin ƙasar sanyi ya zama abokinsa, har hoton rumbunmu ya aika masa.

Amma abota ba ta sa ya saki jiki ba. Lokaci lokaci wani koren akwati na fitowa a fuskar kwamfutar, yana tambaya ko a sauko da sabon salo. Dokar gidan nan ɗaya ce: kowa ya ga koren akwati, ya danna na hagu, wato a'a. Shi kansa ba ya karɓar sabo sai ya gwada shi a kan wani gida da ya ƙirƙira don gwaji. Maigidan sunansa Malam Daddawa, matansa Kuka da Kuɓewa, ƴaƴansu Barkono da Citta da Kanwa, an yi saki, an yi kome, an yi riƙo, kuma Barkono ɗan Kuka ya sha nonon maƙwabciyarsu Albasa. Sai ya buɗe gidan da sabon salo, ya ajiye, ya rufe, ya sake buɗewa, ya bi kowa da yatsa. In ya tarar da Barkono da shuɗin zarensa, sai ya ce, “Miya ta cika,” sannan ya bar sabon ya taɓa kundin gaskiya. Kowace Juma'a kuma, in ya dawo masallaci, sai ya kwafe kundin a wani ɗan abu kamar ɗan yatsa da suke kira kile, ya jefa cikin tsohon gwangwanin alawa a kan kabad. “Manomi ba shi cinye iri,” in ji shi.

Akwai maganar da ya fi maimaitawa, ita ce yanzu ke hana ni sakewa. Yakan ce, “Ɗan aiken da ya dawo ya ce na kasa, ba ni tsoronsa. Wanda nike tsoro shi ne wanda ya zubar da rabin kaya a hanya, ya miƙo sauran, ya yi shiru.”

To ga yadda aka yi. Da bazara maigidana ya kai Baba a cire masa yanar ido, suka yi kwana tara. Cikin kwanakin yayata ta zo daga Alela. Muna hira na ce mata ai hoton marigayiya mahaifiyarmu na cikin kwamfutar Baba, don har danginmu ya saka. Ta ce in nuna mata. Da na ce a'a, da shi ke nan. Amma ina so yayata ta ga cewa zaman birni bai tafi a banza ba. Na yaye kyallen da ake rufe ta da shi, na kunna yadda na saba ganin yana yi. Hoton ya fito, muka yi kuka, sai koren akwati ya zauna a kan fuskar mahaifiyarmu. Na danna hagu, ya tafi. Jim kaɗan ya dawo. Na sake, ya sake.

“Wai mi yake so?” in ji yayata.

“Tambaya yake.”

“To ba shi abin da yake so mana, ya bar mu mu ga Inna. Ko ba ki iya ba ne?”

Na danna dama.

Kwamfutar ta yi ta juye juye, ta mutu, ta farfaɗo da sabuwar fuska. Hotuna na nan, sunaye na nan, na ce alhamdu lillahi. Da zan rufe ta sake wata tambaya, na ba ta dama ita ma. Sai bayan na raka yayata wani abu ya ce mini koma ki duba. Ƙanenmu ya sha nonon matar kawunmu, na san da shuɗin zare a kansa. Babu. Na duba autan gidan liman. Babu. Na bi gida gida. Baƙin zare duk yana nan, shuɗi ko ɗaya. Kuma ba ta yi ƙara ba, ba ta nuna ja ba, ba ta ce ta kasa ba. Na mayar da kyallen, na daidaita gefensa yadda na same shi.

Baba ya dawo, likita ya ce ya hutar da ido sati biyu. Ranar da ya buɗe kwamfutar, da safe ne, na kai masa kunu. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, “Ƴar Alela, ordinatar ta yi sabuwar riga. Ko kin san wa ya ɗinka mata?”

Na ce, “Ban sani ba, Baba.”

Sai ya ce, “To, ni ne ke nan. Tsuhwa. Tahi abinki.”

Ranar ya yini yana rubutu. Kwana biyu bayan nan, yana alwalar la'asar, ya faɗi. Ɓarin dama ya shanye, harshe ya tafi. Kalma ɗaya ba ta sake fita daga bakinsa ba.

Yana kwance maganar auren ta taso. Yaron jikan ƙanen Baba ne, malamin lakwal a Tajaye, mai hankali, mai kunya, mahaifiyarsa ta rasu yana aji shida. Ba wanda ya haɗa su, su suka ga juna. Ni na fara ganewa tun shekara biyu baya, ranar da ya zo gaisuwa na ji ɗiyata ta kai masa ruwa ta ce “ga ruwa” kawai. Da can “Yaya, ga ruwa” take cewa. Na yi murna a raina, don ɗiya ɗaya gare ni cikin maza huɗu, kuma ina so ta zauna cikin dangi.

Sai dai akwai abin da na sani rabi. Da na haife ta zazzaɓi ya kama ni, na yi kwana goma sha takwas a asibiti ban san inda nake ba. Marigayiya Iya, uwar maigidana, ita ta riƙe jaririyar. Lokacin mata biyu ke goyo kusa da mu: matar wani jandarma da ke haya a maƙwabta, da mahaifiyar wannan yaron, tana goyon ƙanensa. Da na warke aka ce mini matar jandarma ce ta taimaka. Amma shekaru bayan nan, wata rana ina daka, na ji Iya na gaya wa Baba yana rubutawa, “Ka sa matar jandarma, da kuma…” Sai taɓaryar abokiyar dakana ta sauka, ta cinye sauran. “Da kuma” ɗin nan na ji shi sarai. Ban tambaya ba, kunya ta hana, na kuma ce ai yana cikin kundi.

Ranar dubawa maigidana ya shiga ɗakin Baba da baffanni biyu. Shi direba ne, ya iya kunnawa da neman suna, iyakarsa ke nan. Ina tsaye bakin ƙofa da butar ruwa. Ya rubuta sunan ɗiyarmu. Babu shuɗi. Ya rubuta na yaron. Babu. Suka ce alhamdu lillahi, suka shafa fatiha. Ba wanda ya ce ina matar jandarma, don maza ba su riƙe irin wannan.

Baba kuwa daga gado ya kama wani irin gurnani. Ya ɗaga hannun hagu yana nuna kan kabad, yana nunawa, yana bugun katifa.

Maigidana ya duba ya ga gwangwani, ya yi dariya. “Alawa kake so, Baba? Likita ya hana ka zaƙi. Ka samu sauƙi, ranar biki ni zan ba ka da hannuna.”

Baba ya bar kallonsa, ya juyo da idon nan da aka gyara masa, ya ɗora a kaina. Ni kaɗai a ɗakin na san abin da ke cikin gwangwanin. Shi ma ya san na sani. Na sunkuyar da kai, na ajiye buta, na fita.

Wata huɗu ina ba shi kunu da cokali. Satin farko duk shigata sai ya kalli gwangwani ya kalle ni. Ina cewa a raina gobe zan faɗa. Gobe ta zo aka kawo goro. Wata goben ta zo ɗiyata ta shigo da atamfa tana tambayata wane ɗinki zai fi. Ina cewa wataƙila “da kuma” ɗin wata maganar ce daban. Daga baya ya bar kallon gwangwanin. Abin da ya fi ci mini rai, bai juya mini baya ba. In wani ya kawo kunu sai ya datse baki, sai nawa hannun. Mutane na cewa, “Dubi yadda yake son surukarsa.” Ni kuwa kowane cokali kamar dutse nake ɗagawa.

Maganar Gwaggo a zaman makoki ita ta ƙarasa ni. Ranar sadakar bakwai da safe na tarar da ƙanwar maigidana a madafa tana wanke kofuna. Ta ce, “Matarmu, yau ba tsiya? Kwana bakwai ban ji kin ce na ƙona miya ba.”

Na ce, “Ajiye kofin nan. Na yi wa Baba ɓarna, kuma ina shirin yi wa ɗiyata.”

Na faɗa mata duka, har da buta. Ba ta zage ni ba, na so ta zaga. Ta goge hannu ta ce, “Taho.”

Ta fara buɗe wurin da Baba ke magana da masu gayya. Ga wasiƙarsa ta ranar kunu. Ta karanta tana juya mini da Hausa. Ya gaya musu sabon mai ɗaurin kaya ba ya gane ƙullin nono na tsohon salo, yana tsallake shi in ya kwance, in kuma ya sake ɗaurewa sai ya ɗaure babu shi, ba tare da ya ce uffan ba. Ya ce wannan ya fi ƙin buɗewa muni. Ya haɗa musu gidan Malam Daddawa don su gani da idonsu. A ƙarshe ya rubuta: “Laifin karɓar sabon salo ba gwaji nawa ne. Na tsufa, na yi gaggawa. Tsohon kundi na nan a ajiye, zan mayar da shi in na samo tsohon salon.”

Ta tsaya ta kalle ni. Na ce ta ci gaba.

A ƙasa mutumin ƙasar sanyi ya amsa. Sun sake rubuta sashen ne don ya yi sauri, suka manta da wurin nono, don cikin gwaje gwajensu babu gida mai shi. Ya ba da haƙuri. Sati uku bayan nan ya sake rubutowa cewa an gyara, sabo na karanta tsoho, kuma in ya haɗu da ƙullin da bai sani ba zai tsaya ya faɗa. Ya ce sun sa gidan Malam Daddawa cikin gwajinsu, daga yau ba salon da zai fita sai Barkono ya fito da zarensa. Sau biyu ya ƙara tambaya, “Abokina, ka gani? Lafiya kake?” Babu amsa.

Ta sauko da gyararren. Za ta kai hannu ga gwangwani na ce, “Tsaya. Malam Daddawa tukuna.” Ta buɗe, ta ajiye, ta rufe, ta buɗe. Barkono na nan da shuɗin zarensa zuwa ga Albasa. Ba wadda ta iya cewa miya ta cika. Sannan ta ɗauko kile na Juma'ar ƙarshe kafin aikin ido, ta rubuta sunan ɗiyata.

Zare biyu. Ɗaya zuwa ga matar jandarma, kwana goma sha ɗaya. Ɗaya zuwa ga mahaifiyar yaron, kwana bakwai, lokacin da matar jandarma ta tafi garinsu ta'aziyya. A ƙasa, kamar yadda ya saba, ya sa wa ya gani: Iya, da ita mai shayarwar da bakinta.

Maigidana ya so ya ja. Ya ce ai da ƙanen yaron ta sha, ba da shi ba. Liman ya ce wadda ta shayar da ita uwarta ce, duk abin da uwar ta haifa, gaba da baya, ƴan uwanta ne. Da muka dawo ɗaki tambaya ɗaya ya yi mini. “Ranar da Baba ke nuna gwangwani, kin san abin da yake nunawa?” Na ce na sani. Ya ce, “Kika bari na yi wa ubana dariya.” Har yau in ya shiga ɗakin Baba ba ya kallon kan kabad.

An sake duba wasu aure biyu da aka ba hanya cikin watannin nan huɗu. Allah Ya rufa asiri, babu komai a kansu. Da akwai, ban san inda zan sa kaina ba.

Ɗiyata kuwa, na ce ba wanda zai gaya mata sai ni. Na same ta tana ninke zannuwan da ta ɗinka. Ta saurare ni har ƙarshe, hannunta a kan ninki. Ta ce, “Inna, ba nonon ke mini ciwo ba. Wannan Allah Ya yi, kuma da ba ta ba ni ba da na mutu. Amma da kin hwaɗi tun ranar, da kukan sati zan yi a ɓoye. Kin bari duk Tajaye na ce mini amarya. Kin bari na je na ga ɗakin da zan tare.” Ta ci gaba da ninki.

Kafin ƙanwar maigidana ta koma Tawa na roƙe ta ta goge inda Baba ya ce laifinsa ne. Ta ce a wurin nan ba a gogewa, sai dai a ƙara a ƙasa. Na ce to shi ma bai taɓa gogewa ba, a ƙara. Ta rubuta musu cewa ya rasu, kuma bai taɓa karɓar sabon salo ba gwaji ba, surukarsa ce ta danna, ya rufa mata asiri. Ku ma da kuka zo gaisuwa kuka yabe ni da jinya, ga shi na ƙara muku a ƙasa.

Ranar sadakar arba'in gero ya shigo gida. Yaron ya zo daga Tajaye da damin farko na gonar kakansa, kamar yadda suka saba kawo wa Baba. Ya rame. Ya durƙusa bakin madafa ya gaishe ni, bai rage mini komai a gaisuwar ba. Ina tunanin wa zan aika da ruwa, sai na ji motsin randa. Ɗiyata ta fito da kofi, ta ratsa tsakar gida a gaban Gwaggo da kowa, ta durƙusa nesa kaɗan, ta miƙa da hannu biyu.

“Yaya, ga ruwa.”

Ya daɗe bai karɓa ba. Sannan ya karɓa, ya zauna tukuna, don a gidan nan ba a sha a tsaye.

Allah Ka jiƙan Baba. Yadda ya rufa wa mai laifi asiri tana tsaye a gabansa, Ka rufa masa nasa ranar da ba a ɓoye komai. Ka sa ya iske kayansa can yadda ya ɗaure su, ba ragi. Ni kuma, wanda ya karanta wannan ya sa ni a addu'a, don ban sami neman gafararsa yana ji ba.